Kakanmu ya je yakin Bama, a gida ana ce masa hafsa, ta ina zan fara neman tarihinsa?

Autan Hajiya ya rubuta:

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah ina neman wanda ya san kan tarihin sojan zamanin Turawa ya taimaka min. Kakana na wajen uba tsohon soja ne, ya rasu 1987 ina dan firamare, tun tasowata a gidanmu ba a kiransa da sunansa sai dai a ce Baba Hafsa, kuma labarin da muke ji shi ne ya je yakin Bama ya dawo da mukamin hafsa har Bature na sara masa. Ni fa wlh har na shiga sakandare na dauka Bama ta Barno ake nufi, ina ta mamakin me ya kai jirgin ruwa Barno tunda kakarmu kullum sai ta ce sun yi wata da watanni a kan teku, ashe Bama ta can kusa da Indiya ce wadda yanzu ake kira Myanmar.

To satin da ya wuce muna gyaran dakin kakar tamu bayan ta rasu, Allah ya jikanta, sai muka ci karo da wani tsohon gwangwanin alawa a kasan adaka an nade shi da tsumma. A ciki akwai lambobin yabo guda hudu, biyu masu siffar tauraro biyu kuma kewayayyu kamar tsohon sule, daya tauraron kyallensa ja ne a tsakiya da shudi da ruwan lemo a gefe. Sai hoto daya da ya fara cinyewa ta kusurwa, yana zaune kan kujera da jar dara da gajeren wando da wata yar shara a kan kakin, wasu mutum biyu na tsaye a bayansa. Babu takarda ko daya. Na duba lambobin ciki da bai ban ga suna ba.

Abin da nake so in sani shi ne a wace bataliya ya yi, ina da ina suka je, kuma da gaske hafsa ne? Don yayan babanmu ya dage shi kyaftin ne, gwaggonmu kuma ta ce manjo. Na je wani ofis da aka ce suna da tsofaffin takardu, sau biyu ina zuwa ana cewa mai makulli baya nan, na uku aka ce in kawo lambarsa ta soja, ni kuma ita nake nema ai.

Malam Na Tsohuwar Kwaleji ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata. Ɗana, zan faɗa maka abin da ƙila gida ba za su so ji ba, amma gara ka sani tun yanzu don kada ka ɓata kuɗin mota kana neman abu a inda babu shi. Idan yaƙin Bama ya je, wato tsakanin 1943 da 1945, to ba hafsa ba ne irin wanda ake nufi a yau, mai anini a kafaɗa. A lokacin duk hafsoshin rundunar Najeriya Turawa ne. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Najeriya wannan muƙami, Ugboma, sannan su Bassey da Ironsi a 1949. Mu nan Arewa kuwa sai da Zakariya Maimalari da Lawan Umar suka je Sandhurst a Ingila suka fito a 1953. Ka ga ke nan yaƙi ya ƙare da shekaru kafin nan. A duk sojan Afirka ta Yamma na Ingilishi wanda aka sani ya samu anini ana tsakiyar yaƙin shi ne Seth Anthony, mutumin Gana, a 1942, shi ma ya je Bama.

Amma kada wannan ya sa ka raina abin. Ƙololuwar da baƙar fata ke kaiwa a lokacin ita ce samanja, kuma samanja a bataliya ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne tsakanin Bature da sojoji, sabon laftanan da ya zo daga Ingila bai san komai ba a hannunsa yake koyon aiki, har da Hausar da zai yi magana da ita, don Hausa ce harshen bariki a wancan zamani. Ka duba Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa. Ya fara soja ne a wajen Jamus a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga nasu, ya yi yaƙin duniya na biyu yana samanja, sai da zai yi ritaya a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. Ni zargina ma gwaggonka ta fi kusa da gaskiya, samanja ne bakin mutane ya mayar manjo. Zaman da ya yi a kujera wasu na tsaye a bayansa ma alama ce.

Ka ɗauko hoton ka duba hannun rigarsa da kyau. Igiya biyu kofur, igiya uku saje, in kuma ka ga kamar kambi a ƙasan hannu wajen tsintsiya to samanja ne. Jar dara da 'yar sharar nan kayan fareti ne, ba da su aka shiga daji ba, saboda haka hoton ko kafin tafiya ne ko bayan dawowa.

Tauraron da ka kwatanta shi ne na Bama, in ka goge shi za ka ga rubutun. Rashin suna kuma ba laifin kowa ba ne, haka Ingila ta raba lambobin yaƙin duniya na biyu babu suna. Amma ka sake duba kaurin gefen kewayayyun nan biyu, ba fuska ko baya ba, gefen dai. In ɗaya daga ciki ta jarunta ce ko ta daɗewa a aiki, ana sassaƙa lamba da muƙami da suna a nan, lambar takan fara da NA. Ranar da ka samu wannan lamba rabin aikinka ya ƙare.

Runduna biyu ce ta je daga nan, ta 81 da ta 82. Ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo, su ne suka yi yaƙi a kwarin Kaladan. Ta 82 alamarta mashi biyu a gicciye da gammo, saboda yawancin kaya a ka aka riƙa ɗauka, dajin ba ya shiguwa da mota. Sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliya uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, da aka ware aka haɗa su da mayaƙan Chindit a 1944, waɗanda aka kai bayan layin Japan. Ka tambayi tsofaffin gida ko sun taɓa ganin gizo ko mashi a tsohuwar rigarsa, ko wani sunan wuri da yake yawan ambata.

Wuraren nema: gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House, sai na Ingila da ke Kew. A na Kew akwai jerin da ake kira WO 373, takardun da aka rubuta dalilin ba mutum lambar jarunta, ana iya bincika shi da suna ta intanet. WO 172 kuma littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum a fagen Bama, sai dai kada ka sa rai da yawa, sunayen Turawa suka fi cika su, namu sau tari adadi kawai ake sawa.

Tsohon Saje KD ya amsa:

Malam ya gama magana. Abu daya zan kara wanda ya wahalar da ni lokacin da na nemi na kawuna, wato suna. Kar ka nema da sunan da kuka san shi da shi a gida. Zamanin nan in kurtu ya zo akawu zai tambaye shi sunansa da garinsu shikenan, sai ka ga an rubuta Audu Katsina ko Garba Sakkwato, wani ma ba dan garin bane ta can dai ya biyo, wani kuma da gangan ya canza suna don gudowa ya yi daga gida ba da sanin iyaye ba. Ga rubutun Bature, Muhammadu ya koma Momo ko Mama, Abdu ya koma Audu, kuma a bataliya daya sai ka samu mutum biyar suna daya shi yasa lamba ce komai.

Ka tambaya ko ya taba karbar fansho ko yana zuwa taron yan mazan jiya, in yana zuwa to reshen Nigerian Legion na jiharku ka fara da su, ka je da hoton da lambobin a hannu ka nemi mafi tsufa a wurin ka gaishe shi da kyau kar ka fara da tambaya. Sannan ofishin ajiye bayanan soja yana Lakwaja, ka rubuta takarda. Kuma ka sake zazzage adakar nan da kyau har cikin gafakar Alkur'ani da karkashin shimfidar akwati, littafin sallama dan karami ne, tsofaffi a irin wuraren nan suke boye shi.

Ni abin da ke bani haushi ma yaranmu na bariki suna kwana suna tashi a Dalet da Kalapanzin nan Kaduna, da Chindit a Zariya, da Arakan da Dodan a Legas, ka tambaye su ma'anar sunan ba wanda ya sani, alhali duk daga yakin Bama aka samo su.

Yar Damagaram ta amsa:

Sannunku. Ni nawa kakan sojan Faransa ne don mu nan Nijar can aka kai namu, to hanyar daban ce amma wahalar daya. Abin da ya taimake ni ba ofis bane, wata kanwar kakata ce da ta kusa shekara casa'in, na zauna da ita na kunna rikoda a waya na bar ta tana ta zuba, a cikin hira ta fadi sunan abokinsa da suka dawo tare, muka nemi jikokin abokin a Maradi sai ga hoton su biyu da lamba a rubuce a baya. Don haka yayana kafin ka tafi Kaduna ka fara da gwaggo da baffa, takarda tana jira amma tsoho baya jira.

Autan Hajiya ya sake rubutawa:

Kai jama'a na gode Allah ya saka da alheri. Malam na dauki hoton da waya na zuko shi sosai, kafadarsa wayam babu komai, amma a kasan hannun dama akwai wani abu kamar kambi, duk da wurin ya dan goge. Gefen lambobin kuma na duba da tocila, daya babu komai, dayar akwai rubutu amma datti ya cike shi, na ga kamar N da A sai lambobi da ban iya karantawa ba, ina tsoron in kankare da karfe in bata shi. Na kira gwaggo na tambaye ta zancen gizo ta yi dariya ta ce ita dai abin da ta tuna baya cin shinkafa har ya rasu, wai ya ci ta ishe shi a Indiya, kuma in hadari ya taso yakan ce wannan ai ba ruwa bane ku je Kaladan ku gani. Baffa kuwa har yanzu ya ce shi kyaftin ya sani, na kyale shi tukuna. Da me zan wanke gefen lambar ba tare da ta lalace ba?

Malam Na Tsohuwar Kwaleji ya amsa:

Ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a hankali, kada ruwan ya taɓa ƙyallen, kuma ban da toka ko yashi ko man goge ƙarfe. Tunda ya ambaci Kaladan ka fara da runduna ta 81, bataliya ta 4 ta Najeriya tana cikinta. In lambar ta fito ka turo mana ita a nan tare da duk harafin da ke bayan sunan.