Me ke sa mahaɗar kebul ɗin alminiyam zafi?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum, manya. Sai a ɗaure kebul ɗin alminiyam a bireka tam, bayan 'yan watanni wurin ya soma zafi har roba ta narke. Laifin wayar ne ko na ɗaurin? Kuma ana iya murɗe shi da jan ƙarfe a naɗe da tef?

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam. Galibi ɗaurin ne. Da zarar ka fere alminiyam iska ta taɓa shi, wata 'yar fata ce ke rufe shi nan take. Ido ba ya ganinta, amma wuta ba ta ratsa ta. Ga shi da taushi: noti ya danne shi, a hankali ya lotsa. In ya ɗau zafi ya fi jan ƙarfe buɗewa, in ya huce ya koma, ɗauri ya saki, zafi ya ƙaru.

Kashe wuta tukuna, ka gwada ka tabbatar. Yanke inda ya ƙone. Wajen fere roba kada wuƙa ta zane silin, nan yake karyewa. Goge shi da burushin ƙarfe marar tsatsa, ka shafa man hana tsatsa na mahaɗar alminiyam nan da nan, ba giris ɗin mota ba. Bakin birekar ya kasance mai alamar AL/CU, wato wanda ke karɓar alminiyam da jan ƙarfe. Ka ɗaure da sifana mai awo, daidai lambar da kamfani ya rubuta. Tamkewa da ƙarfin tsiya latse silin take yi.

Injiniya:
Maganar murɗewa, kul, ƙanena! In danshi ya shiga tsakanin ƙarafan biyu, alminiyam ne ke cinyewa ya zama farin gari. Nemi log, wato kan ƙarfen da ake sa wa bakin kebul don ɗaure shi da noti, mai ƙarfe biyu, gindinsa alminiyam, bakinsa jan ƙarfe, ka matse da injin matsewa mai girman kebul ɗin, ba da guduma ba. In a waje ne, alminiyam ya kasance a sama, don kada ruwan da ya bi jan ƙarfe ya zubo masa.

Tsohon Gwani:
A duba kauri ma. Sauƙin wucewar wuta a alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 ne na jan ƙarfe mai kaurinsa. Inda jan ƙarfe mai 16mm² ya isa, sai ka sa alminiyam mai 25mm². A mahaɗar noti kuma, sa washa mai kumburi irin ta Belleville a kan washa mai faɗi, ita ke riƙe matsi in ƙarfen ya lotsa.