Shafinmu yana buɗewa a sababbin wayoyi, tsofaffi kuma suna nuna gargaɗi

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana. Akwai shafin wata ƙungiyar manoman shinkafa da muke kula da shi a nan Jega, inda mambobi ke rajistar taki da iri. Satifiket ɗin shafin, wato takardar shaidar da burauza ke dubawa kafin ta yarda da shi, na hukumar Let's Encrypt ne, wa'adinsa bai ƙare ba, manhajar sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) kuma nginx ce. A kwamfuta da sababbin wayoyi lafiya lau. Amma manoma da dama daga Argungu da Suru masu tsofaffin wayoyin Android, Chrome sai ya tare su da jan gargaɗi: NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID. An ba ni shawara in koma makullin sirri mafi tsawo, wato RSA 4096, wai namu ya yi rauni. Wannan zai magance?

Malamin Yauri:
Wa alaikumus salam. Ba zai magance ba, ɗan'uwa, domin ba ƙarfin makulli wayar ke ƙorafi a kai ba. Cewa take yi ba ta san wanda ya sa wa takardarku hannu ba. Abin kamar isnadi ne: satifiket ɗinku, wani satifiket na tsakiya ne ya sa masa hannu, shi kuma na tsakiyan babban satifiket da ake kira tushe ne ya sa masa hannu, tushen kuwa dole ya kasance yana cikin rumbun amintattu da ke cikin na'urar. Mutum ɗaya ya faɗi a sarƙar, an yanke.

Ka fara duba abu mafi sauƙi. A nginx, layin ssl_certificate dole ya nuna fullchain.pem, ba cert.pem ba. Na biyun takardarku ce kaɗai, babu na tsakiya. Burauzar kwamfuta takan rufa maka asiri, ko ta ɗauko na tsakiyan da kanta ko kuma tana da shi a ajiye, shi ya sa kake ganin komai daidai. Tsohuwar waya ba lallai ta yi haka ba. Gwada wannan:

openssl s_client -connect shafinku:443 -servername shafinku -showcerts

In satifiket ɗaya tak ya fito, ga matsalar nan. Gyara layin, ka yi nginx -t don gwada saitin, sannan ka sake loda sabar.

Hajiya Birnin Kebbi:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ka tambayi manoman wane Android ke wayoyinsu, don akwai ciwo na biyu da gyaran sabar ba ya warkarwa. Tushen Let's Encrypt shi ne ISRG Root X1, kuma Android da bai kai 7.1.1 ba ba shi da shi a rumbunsa. A da suna jingina ne da wani tsohon tushe na kamfanin IdenTrust, DST Root CA X3, wanda ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2021. An yi dabarar da ta ƙara wa tsofaffin wayoyin Android shekara uku, ita ma ta ƙare ranar 30 ga Satumba 2024. Tun daga nan babu wani saiti a sabarku da zai sa waya mai Android 6 ta yarda da wannan tushe.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da mutane ke bi: a tura fayil ta WhatsApp a ce kowa ya saka shi a matsayin tushe. Don Allah kada ku koya wa manoma wannan. Duk wanda ya saka maka tushensa a waya zai iya ƙirƙiro takardar bogi ta kowane shafi, har na banki, burauzar ta karɓa ba musu. Haka ma koya musu danna "ci gaba" a kan gargaɗi. Shafin da ake shigar da lambar waya da ta asusu bai dace da haka ba ko kusa.

Ɗan Jega:
Allah ya saka da alheri. Lallai cert.pem ne a layin. Na gyara, yawancinsu sun shiga. Saura masu Android 6, da mutum biyu da nasu gargaɗin ya bambanta: ERR_CERT_DATE_INVALID.

Injiniyan Zuru:
Waɗannan biyun agogon wayarsu ne. Wayar da ake cire wa batir a kai caji shago takan koma tsohuwar shekara, sai ta ga satifiket ɗin kamar bai fara aiki ba. Wa'adin na Let's Encrypt bai wuce kwana 90 ba, kuskuren wata uku ya isa. Su kunna saitin lokaci ta atomatik.

Masu Android 6 kuwa, hanya biyu ce. Burauzar Firefox yana tafe da nasa rumbun tushe, bai dogara da na waya ba, to in akwai sigar da wayar za ta ɗauka, shafin zai buɗe. Ko kuma ku nemi satifiket daga wata hukumar da tushenta ya daɗe a cikin tsofaffin wayoyi, amma ku gwada shi a kan ainihin wayar manomi kafin ku biya kuɗi.

Batun makulli, bar RSA 4096. RSA 2048 ya wadatar, 4096 nauyi kawai zai ƙara wa sabar da kowace haɗuwa, ga shi sabis ɗin fadama ba ƙarfi. Wani nau'in makulli, ECDSA P-256, ya fi RSA 2048 ƙarfi, daidai yake da RSA 3072, kuma ya fi ƙanƙanta. Inda za ka iya rufe wa manoma ƙofa ba ka sani ba shi ne ka bar TLS 1.3 kaɗai a cikin sigogin TLS, ƙa'idar da ke sirranta haɗuwar waya da sabar, domin sai daga Android 10 tsarin wayar ya kunna shi. Rubuta ssl_protocols TLSv1.2 TLSv1.3, ka kashe 1.0 da 1.1, manyan burauzoci sun watsar da su tun 2020. Bayan haka ka saka adireshin shafinku a shafin gwaji na SSL Labs, ka duba sashen da yake kwaikwayon na'urori ɗaya bayan ɗaya, zai nuna maka wace waya ce ta kasa haɗuwa da kuma dalili.