Kwamfuta ɗaya, yara 48: yaya za a yi?

Malama Rabi: Assalamu alaikum. Ina koyar da kwamfuta a JHS 1, wato ajin farko na ƙaramar sakandare, a nan Aboabo, Kumasi. Yara 48 ne, kwamfutar tebur ɗaya ce, darasi awa ɗaya sau biyu a mako, kuma ba intanet. In na kunna ta sai su yi mata ca, na baya ba sa ganin komai. Don Allah a ba ni shawara.

Malam Sulley: Wa alaikumus salam. Malama, fara da maganar gani. A samo talabijin mai inci 43 a kafa a bango sama da kan yara, a haɗa da wayar HDMI. In kwamfutar tsohuwa ce mai ramin VGA kawai, akwai ɗan adafta na VGA zuwa HDMI, amma sai an ba shi wuta ta USB, in ba haka ba allo baƙi za ki gani. Danna maɓallin Windows da na P tare, ki zaɓi Duplicate, don abin da ke allon kwamfutar ya fito a talabijin ma. Ki ƙara girman kibiyar maus ma.

Alhaji Tanko: Ba gara majigi ba?

Malam Sulley: Alhaji, ajin da rana ke shiga ta taga majigi ba ya fita da kyau, ga ƙurar hunturu tana toshe masa fanka, ƙwansa kuma tsada.

Malama Hajara: Kallo ba ya koya wa yaro riƙe maus, sai hannu ya taɓa. Raba su huɗu-huɗu, rukuni 12 ke nan. Minti 15 na farko ki nuna aikin, sannan rukuni huɗu su zauna minti goma-goma. A darasi uku kowa ya samu. Ɗaya na kan kibod, ɗaya na karanta umarni daga kati, ɗaya na duba kuskure, ɗaya na rubutawa, bayan minti biyu da rabi su sauya. Ki liƙa jerin sunaye a bango ki riƙa yin alama, don in an bar su da kansu, masu ƙarfin hali ne ke mamaye kujerar, 'yan mata kuwa su koma 'yan kallo. Sauran kada su zauna haka: su zana kibod a kwali su riƙa gwada ɗora yatsu a layin ASDF da JKL, ko su rubuta a takarda abin da za su buga, don kada mintinsu ya tafi a tunani.

Malam Awudu: A sa UPS, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke. Mai 650VA zai riƙe ta 'yan mintuna, ya isa a adana aiki a kashe ta lafiya idan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ta zo. Kada a jona masa firinta. Yara su shiga ta asusun da ba na admin ba, kuma a hana filash daga waje, ta nan ƙwayar cutar kwamfutar nan mai ɓoye fayiloli ke shigowa. Manhajojin Tux Typing (na koyon buga rubutu), Scratch (na koya wa yara haɗa shirin kwamfuta) da Kiwix (na karanta shafukan da aka sauke) duk suna aiki ba intanet. A Kiwix har Wikipedia ta Hausa ana saukewa.

Malama Rabi: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ramin VGA ne da ita, adaftan zan fara nema.