Battlestar Galactica: shin daidai ne a dakatar da zango na huɗu a kan kango?

Ɗan Bukoki, Yamai

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka kalli shirin talabijin na Amurka Battlestar Galactica har tsakiyar zango na huɗu ce, kuma ina roƙon duk wanda ya wuce nan kada ya faɗa mini abin da ke gaba. Tun farkon shirin, mutane wajen dubu 50 da suka tsira daga harin nukiliyar da Sailon (mutum-mutumin da ɗan Adam ya ƙera, wasunsu da siffar mutane) suka kai wa duniyoyinsu 12 suna gudun hijira ne cikin sararin samaniya, ba su da wani buri sai su gano Duniyar da littattafan addininsu suka ambata. A kashi na 10 sun iso. An yi sowa a cikin jirage, an rungumi juna, sannan aka sauka. Sai Adama, kwamandan jiragen, ya duƙa ya damƙi ƙasa da hannunsa, na'urar auna gubar nukiliya ta fara ƙara, kyamara kuma ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar kangaye, daga nan aka rufe. A fadarmu kawuna sun rabu, har shayi ya huce ana gardama. Ni dai ina ganin an ci amanar mai kallo, domin an sa masa rai shekara da shekaru, aka kuma ƙwace abin a cikin mintoci kaɗan. Ko akwai wanda ya ga hikimar da ni ban gani ba?

Malamin Lissafi, Tawa

Wa alaikumus salam ƙanena. Kai da ragowar shirin ke cikin kile ɗinka, ka tuna da waɗanda suka kalle shi lokacin da tashar Sci Fi ta Amurka ta nuna wannan kashi a watan Yunin 2008: sai da suka jira har watan Janairun 2009 kafin su ga ci gaba, wato kimanin wata bakwai. Yajin aikin marubutan fina-finan Amurka, wanda ya fara a Nuwamban 2007 ya ƙare a Fabrairun 2008, ya katse aikin wannan zango yana tsakiya, kuma raba zango gida biyu dama al'ada ce a wurin tashoshinsu, domin wanda aka bari da tambaya a baki shi ne mai dawowa.

Amma ban yarda cewa dabarar kasuwa ce kaɗai ba. Ka koma kashi na farko-farko, za ka tuna cewa Adama da kansa bai yi imani da akwai wannan Duniya ba lokacin da ya yi wa jama'a alkawarinta. Ya faɗa ne don kada su yanke ƙauna, kuma Shugaba Roslin ta gane haka tun ranar. Labarin da aka kafa a kan irin wannan alkawari ba zai ƙare da lambuna da ƙoramu ba tare da ya yi wa kansa ƙarya ba. Mu a nan Adar mun san makiyayin da ya kora garkensa kwana da kwanaki zuwa rijiyar da kakanninsa suka ba shi labari, ya tarar ta ƙafe. Abin da zai yi washegari shi ne ainihin labarinsa. Ronald Moore, jagoran marubutan shirin, da abokan aikinsa sun tsaya daidai wurin da wannan tambaya take fara ciwo.

Ƴar Wadata, Yamai

Malam, na yarda da kai game da kangon, sai dai ni abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne kafin a sauka. Saul Tigh, aminin Adama na shekaru da dama, mutumin da Sailon suka cire wa ido a kurkukun Sabuwar Kafrika, wanda kuma ya shayar da matarsa Ellen guba da hannunsa saboda ta ba abokan gaba asiri, shi ne ya shigo ofishin amininsa ya ce shi ma Sailon ne. Yadda Edward James Olmos, mai fitowa a matsayin Adama, ya taka wannan wuri, ya naushi madubi, ya zube ƙasa yana kuka har ɗansa Lee ya zo ya tallafe shi kamar ƙaramin yaro, ya fi duk wani yaƙin jirage da aka nuna mana nauyi. A gidanmu da fassarar Faransanci muke kallo, amma a nan wurin ko an kashe murya fuska ta isa.

Inda nake da ƙorafi shi ne sulhun. D'Anna, ɗaya daga cikin Sailon, tana riƙe da mutane a matsayin garkuwa, Lee yana gab da jefa Tigh waje cikin sarari, sai matuƙiyar jirgin yaƙi Starbuck ta sheƙo a guje da labarin siginar da ta samu a jirginta, nan take aka yi afuwa aka haɗa kai. Gabar da ta ci biliyoyin rayuka ba ta mutuwa a zama ɗaya, kuma da an ba wannan sulhu kashi guda cikakke da saukar ta fi zafi, domin da mun ga tsadar da aka biya kafin a kai gare ta.

Ɗan Bukoki, Yamai

Na gode Malam, na gode yaya. Maganar alkawarin Adama ta sa na sassauta, ko da yake har yanzu ina ganin murnar da aka nuna a cikin jiragen an tsawaita ta ne da gangan don faɗuwar ta yi tsanani. A kan gaggawar sulhu kuwa ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Saura tambaya guda da ba na son amsarta daga bakin kowa: cikin Sailon biyar na ƙarshe da ba a san su ba, an bayyana Tigh da Tyrol da Anders da Tory, to wane ne na biyar? A fadarmu an fi zargin masanin kimiyya Baltar, ni kuma hankalina yana kan Starbuck, tun da har yanzu ba a faɗa mana yadda ta dawo da sabon jirgi bayan an ga nata ya tarwatse ba.