Don Allah wa zai warware mini waƙar Hotel California?

Jama'a, salamu alaikum. Waƙar nan ta ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna Eagles da ta fito a 1976 ta hana mu sakat, ni da abokin zamana a Samaru. Labarin dai na gane shi: matafiyi a hamada da dare, gajiya ta kama shi, ya hango haske, ya sauka a otal, wata mace ta tarbe shi. Daga ƙarshe mai gadi ya ce masa ba fita.

Tsakiyar ce ta cije mini. Ya nemi giya, aka ce rabonsu da irinta tun 1969. Me ya faru a shekarar? Sannan wace dabba ce ake ta caka wa wuƙaƙe ta ƙi mutuwa? Abokina ya rantse ƙungiyar asiri ake nufi. Ban yarda ba, don shi duk abin da ya shige masa duhu tsafi ne. Don Henley da ya rera ta ya ce maganar holewa ce da wuce gona da iri a Amurka. To in haka ne, dabbar ƙwaya ce ko kwaɗayin kuɗi?

Wanda ya san tarihin Amurka na lokacin, ya taimaka mini.