Kwalaben inabi na walima: wanne za a saya?

Maman Nafisa: Assalamu alaikum ƴan zaure. Bikin ƙanwata Asabar ta sama ne, a Birni, kuma ni aka ɗora wa abin sha na walima. Dangin ango daga Kano za su zo, kun san su da son kwalaben nan masu wuyan zinari da ake jerawa a tebur. Jiya na shiga butik uku tsakanin Kasuwar Dole da Zango, kwalabe iri-iri, duk da hoton inabi a jiki, kowane mai butik na rantsuwa nashi ya fi. Wanda ya taɓa ɗanɗanawa ya taimake ni, wanne ne mai daɗi da ba zai cinye aljihu ba? Kuma don Allah marar giya, kar in jawo wa gidanmu abin faɗe.

Tanti Zuwera: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ni dai Chamdor nake saye, na Afirka ta Kudu ne. Jan ya fi cika baki, farin kuma ya fi shiga idan an ci abu mai maiƙo. Eva na Sipaniya ma ba laifi, sai dai a bakina ya fi zaƙi. Yara kam shi suke so. Abu ɗaya, ƴata: ko wanne kika saya, in bai yi sanyi ƙarara ba kin yi asarar kuɗinki. Da ɗumi kamar ruwan alewa yake.

Hadiza Garin Malam: Yaya, kafin a je ga daɗi bari in ba ki labarin abin da ya same ni a sunan ɗana na biyu. Na aiki ƙanen maigidana ya sayo jus na kwali, ya kawo kwali shida ja wur, hoton inabi da lemu a jiki, ga araha. Sai da aka zuba wa surukina kofi ɗaya, ya kai hanci, ya ajiye bai ce uffan ba. Ya kira ni gefe ya ce, Hadiza, wannan abin ya kwana a ina? Na shinshina, wari kamar ƙullun da ya wuce lokaci, ga wani ɗaci-ɗaci. Ashe giya ce. Yaron butik ɗin ma bai sani ba, a jere ɗaya ya sa su da na mangwaro. Bayan gida muka tuttular da su, har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Mushe Lawali: Hadiza, ba ke kaɗai ba ce. Akwai kamfanonin Sipaniya da ke yin ruwan ƴaƴan itace da giya duk da suna ɗaya, a kwali iri ɗaya, don haka suna da hoto ba su isa shaida ba. Maman Nafisa, rubutun za ki karanta, kuma ba wuya.

In kin ga *jus de raisin* da Faransanci, ko *zumo de uva* ko *mosto* da Sipaniyanci, ruwan inabi ne da ba a bari ya tsimu ba. In kin ga *vin* ko *vino* ko *sangría*, ajiye shi. Kalmar *pétillant* ba ta nufin komi sai cewa yana da gas, kar ta tsorata ki. Sannan ki juya bayan kwalba ki nemi lamba mai alamar % da *vol* a gefenta. Giyar inabi ta yau da kullum tana kai 11 zuwa 14. Wannan lambar ta fi rantsuwar mai butik.

Inda ake ruɗewa shi ne kashi na uku, wanda ake rubuta wa *vin désalcoolisé*. Shi giya aka fara yi sosai, daga baya aka zare barasar da inji, kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda a bar har 0.5 cikin ɗari a ciki. Ya fi tsada, bai kai ruwan inabi zaƙi ba, ƙanshinsa na giya ne. Ba shi kike nema ba.

Ɗan Karkada: Mushe ya maida zaure lakwal. Saura dikte.

Mushe Lawali: Kai da ka gudu daga aji shida, zauna ka ƙaru. Dalilin duk wannan abu ɗaya ne: a fatar inabi akwai yis, da an matse ruwan sai ya hau cin sukarin yana maida shi barasa. Shi ya sa a da ba a iya ajiye ruwan inabi. A 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya ɗumama ruwan cikin kwalabe bisa dabarar Louis Pasteur, yis ɗin ya mutu, ruwan ya zauna da zaƙinsa. Duk kwalaben da kuke gani a butik jikokin wannan dabarar ne.

Malam Habu: Madalla da bayanin Mushe. Ƙa'idar a wajenmu sananniya ce, abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ruwan inabin da bai tsimu ba halal ne, ba gardama. Wanda aka zare wa barasa kuwa malamai sun saɓa a kansa, kuma gidan biki ba wurin gwada saɓani ba ne. Sai kuma in tuna mana, ba kwalbar Turai kaɗai ke juyawa ba. Ya zo a hadisi ana jiƙa wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha har kwana na uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. To ku auna da zafin Damagaram a watan Afrilu.

Alhaji Mutari: Ni ta fannin kasuwa zan yi magana, tunda hanyar Kano nake bi. Yawancin kwalaben nan ta Najeriya suke shigo mana, shi ya sa farashinsu ke rawa da canjin naira da halin da iyaka ke ciki, na makon jiya ba na yau ba ne. A can duk wayin suke ce musu, mai giya da marar giya, don haka in kin aika saƙo ki faɗi sunan da kike so ɓaro-ɓaro. Pure Heaven na Ingila ana samunsa sosai, yana da sauƙin sha. Ki sayi katan, kar ki sayi ɗai-ɗai. Ki duba ranar lalacewa a kowace kwalba, ba a jikin katan ba. Wadda aka jera a bakin butik rana na dukanta, ko kyauta ce bar ta, launin ya dushe, daɗin ya tafi.

Madam Rabi: Champomy fa? Ƙanena ya taɓa kawo mana daga Yamai.

Mushe Lawali: Na Faransa ne, ba giya, amma tuffa ce ba inabi ba.

Madam Rabi: To. Ni abin da zan ƙara na aikina ne. Ruwan inabi ya fi lemun kwalba sukari, wajen giram 15 a kowane mililita 100, Coca-Cola kuwa ba ta kai 11 ba. Mutane na ganin hoton ɗan itace su ɗauka magani ne. Tsofaffinmu masu ciwon suga za su zo bikin nan, a tanadar musu wani abu daban.

Iya Kubura: Ina ta saurarenku ta wayar jikata. Maman Nafisa, ke da kakarki ta shayar da rabin Birni da soɓo, yau kike yawon neman ruwan Nasara? Kwalba ɗaya kofi nawa ce? Biyar in an matsa. Mutum ɗari biyu fa?

Nemi soɓo mai duhu, wanda ya bushe sarai, in kin damƙa ya yi ƙaras. Ki wanke shi sau biyu da sauri don rairayi, kar ki tsaya cuɗawa, jan zai bi ruwa. Ki tafasa ruwa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki sauke, sannan ki zuba soɓon ki rufe. Masu barinsa yana ta tafarfasa a wuta su ne nasu ke ɗaci. Kanwa kuma in za ki sa don kashe tsami, ɗan mitsitsi, in ta yi yawa ya koma baƙi kamar ruwan rini. Sukari sai an tace. Ki raba tukunya biyu, ɗaya ba sukari saboda mutanen Rabi, na'a-na'a ta ishe ta. Ranar Juma'a da dare za a yi shi, ya kwana cikin ƙanƙara, ba Laraba ba. Kin ji abin da Malam ya ce.

Tanti Zuwera: Iya ta gama magana. Dabarata kuma, in za a kai tebur sai in tsiyaya ruwan soda mai sanyi a kai, kashi ɗaya cikin uku. A bikin ɗiyar maƙwabciyata wata baƙuwa har tambaya ta yi wace ƙasa aka yi shi.

Ɗan Karkada: Kunun aya fa, an manta da shi? Ayar Maradi har Sipaniya ake kai ta, su ma kununta suke yi a Balansiya suna sayarwa da tsada. Mu muna sayen inabinsu, su suna sayen ayarmu.

Iya Kubura: Kunun aya ba na taron yini ba ne, ɗana. In kuran ya ɗauke, kafin la'asar ya yi tsami ya kumbura gora. In ana son abu na biyu a yi na tsamiya, shi yana da haƙuri.

Maman Nafisa: Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga yadda zan yi: katan biyu na kwalba don teburin dangin ango, ja da fari, sauran jama'a soɓo da tsamiya. Alhaji, in za ka shiga Kano kafin Laraba zan kawo kuɗin gida. Mushe, zan turo maka hoton bayan kwalbar kafin a biya. Iya, ke kuma ba ki tsira ba, Juma'a bayan la'asar zan aiko a ɗauke ki.

Iya Kubura: Ba a kabu-kabu ba dai, gwiwata ba ta so. Kuma kar ki sayi soɓon sai na gani da idona, Alhamis mu shiga Dole tare.