Wai me ya sa silikon ke haske in an ƙanƙantar da shi?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum jama'a, wani abu ne ya ɗaure min kai tun jiya. Ni da safe karatun fiziks nake, da yamma gyaran waya a Fam Santa, kullum hannuna cikin silikon amma ban taɓa ganin LED ɗin silikon ba, sai ga shi an ce mana a aji wai in ya koma 'yan nanomita (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) har jan haske yake. To ba shi ɗin ba ne dai?

Malam Na Gwale:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Shi ne, matsi ne ya canja shi. Dunƙulen silikon tazarar makamashinsa, wato gibin da ilaktiron ke faɗowa ta cikinsa ya fitar da haske, wajen 1.1 eV ce (eV ma'aunin makamashi ne), haskensa infirared ne ido baya gani, kuma ko shi ɗin da kyar yake fita don ilaktiron baya faɗowa kai tsaye sai girgizar atam ta tallafa mai, kafin nan ƙarfin ya tafi a zafi. Amma da ƙwayar ta yi ƙasa da nanomita 5 sai ilaktiron ya rasa wajen sakewa, kamar kalangu ne, kana matsawa murya na tashi, tazarar ta buɗe launi ya hauro ja ya nufi ruwan lemo. Leigh Canham ne ya nuna haka a Ingila a 1990, ya sa asid ɗin HF ya ci silikon ya koma kamar soso.

Maman Ilham:
Malam ka manta siffa ai. Falle mai siriri ta gefe ɗaya kawai ya matse ilaktiron, in zare ne kamar lungun cikin gari yake, gaba da baya kaɗai za ka yi, ɗigo kuwa, wato 'yar ƙwaya, ko ina bango. Shi ya sa ko kaurinsu ɗaya ɗigo ya fi buɗe tazarar.

Ɗan Kurna:
Kenan in na cigaba da rage girman zan samu shuɗi?

Malam Na Gwale:
Hhh da sauƙi haka da tuni an cika Sabon Gari da LED ɗin silikon. Ƙasa da nanomita 3 in iska ta taɓa ƙwayar oksijin ya kama bayanta, sai launin ya cije wajen ja zuwa rawaya ko ka ƙara ragewa, dole sai an lulluɓe ta da haidurojin. Ga jinkiri kuma, silikon maikurosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) yake ɗauka kafin ya fitar da haske, ɗigon sinadarin kadmiyam kuwa nanosakan (kashi ɗaya cikin biliyan), sai dai kadmiyam guba ce shi ya sa har yanzu ba'a haƙura da silikon ba.